Dam ɗin Kafin Zaki: me ya sa ake adawa da shi?

Ɗan Ningi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina son masu sani su fahimtar da ni wani abu da ya daɗe yana damuna. Tun zamanin Shagari aka ba Julius Berger kwangilar dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, aka soke a 1984, aka sake tayar da maganar lokacin Babangida aka sake sokewa, har yau shiru kake ji. Mu a Ningi duk ɗan siyasan da ya zo kamfen sai ya yi alƙawarin wannan dam, an ce zai shayar da hekta 120,000 na noman rani. To da ake cewa mutanen Yobe da Borno ne ba sa so na gane, amma kwanan nan na ji wasu 'yan jiharmu ta Bauchi na yankin Katagum su ma suna cewa a'a. Ya za a yi mutum ya ƙi abin da zai kawo wa matasa aikin yi? Ko siyasa ce kawai?

Manomin Fadama:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi ba siyasa ba ce, ni ɗan ƙaramar hukumar Zaki ne a yankin Katagum kuma ina cikin masu cewa a'a ɗin. Ku kuna sama da dam ɗin, mu muna ƙasa, bambancin ke nan. Ruwan da kuke gani yana wucewa kuna cewa asara ne, shi ne abincinmu. Duk shekara in kogi ya kawo wajen watan takwas zuwa tara sai ya malale fadama ya ajiye mana laka mai taushi, a nan muke shinkafa, in ruwa ya fara ja baya mu bi sahunsa mu shuka wake a danshin da ya bari ba taki ba ban ruwa, masunta su kama tarwaɗa da ƙarfasa a kududdufan da suka rage, Fulani su shigo da shanu su ci burugu har rani ya raba. Kuma wannan malalar ce take cika ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa in ka haƙa 'yar rijiyar ban ruwa a fadama ba ka yin nisa kake samun ruwa ka ɗora inji ka yi tumatir da tattasai da alkama. Ranar da aka datse kogin duk wannan ya tafi.
Kuma ba hasashe muke ba, mun gani a maƙwabta. An gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, duka a kan ruwan da ke gangarowa kogin Haɗeja. Je ka tsakanin Haɗeja da Nguru ka ga yadda kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, saboda ruwan ya daina zuwa da ƙarfi da damina ya ɗauke da rani, ya koma yana tsiyaya duk shekara, to abin da ciyawar nan ke so ke nan. Ta toshe magudanai, wani gari ruwa ya kwanta a gonakinsu wani garin kuma ko ɗigo, ga jan baki sun samu wurin kwana suna cinye gero da shinkafa. Yanzu kogin Jama'are ne ya rage ba a ɗaure ba, shi ke riƙe da Komadugu Yobe daga Gashuwa har ta gangara tafkin Chadi.

Hajiyar Azare:
Malam Manomi na ji bayaninka kuma akwai gaskiya, amma fa kar mu manta ambaliyar nan ba kullum take zuwa da alheri ba. Kusan duk shekara sai mun ji Jama'are da Itas Gadau da Zaki ruwa ya ci gidaje, mata da yara a firamare suna kwana a kan tabarma ga sauro, hanya ta yanke. Ni na ga mace ta fito da buhun masara ɗaya a ka shi ke nan abin da ta tsira da shi. In dam zai rage wannan ai abin dubawa ne.

Manomin Fadama:
Haka ne Hajiya, Allah ya kiyaye gaba, mu ma gidanmu ya taɓa zubewa. Amma dam ba garanti ba ne, ki tuna Alau a watan Satumba 2024 yadda ya ɓalle ya shanye Maiduguri cikin dare. Maganin namu a yashe kogi a yi jinga a bakin garuruwa, a daina ba mutane fili a hanyar ruwa.

Malamin Makaranta, Gombe:
Ni abin da zan ƙara daga nan Gombe shi ne a riƙa tambaya wa zai amfana tukuna. Ga Dadin Kowa nan a kan kogin Gongola, tun shekarun 1980 aka gina shi amma injinan wutar megawat 40 ɗin sai da aka haura shekara 30 kafin su fara aiki, magudanan ban ruwan ma ba su kai ko kusa da abin da aka tsara ba. An tashi mutane daga gonakinsu, amfanin kuma ya zo a makare. Sannan a karanta tarihin dam ɗin Bakolori a 1980, manoma suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu aka turo musu mobal aka kashe mutane. Saboda haka Ɗan Ningi kai ma kana da tambayar da za ka yi, ƙauyuka nawa ruwan zai cinye a wajenku, ina za a kai su, kuma filin noman ranin na talaka ne ko na manyan kamfanonin rake?

Ɗan Ningi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Har yanzu ina ganin yankinmu na buƙatar ruwan rani, matasanmu duk sun watse ci-rani. Amma in za a yi to hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta fito da rahoton tasirin muhalli da Hausa a karanta a rediyo, a zauna da masunta da Fulani da manoman Katagum da na Yobe. Malam Manomi in kuna da zama a kan maganar nan ka sanar a nan, zan zo Azare in sha Allah.