Hajiyarmu ta karye daga ɗan zamewa, wai ƙashinta ne ya yi rauni

Maman Khalifa, Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Hajiyarmu ta haura 65, ta zame wajen alwala a bakin rariya ta dafa ƙasa, shikenan wuyan hannu ya karye, kuma wlh faɗuwar ba wata faɗuwa ba ce. An yi hoto likita ya ce ƙashinta ya zaizaye, wai osteoporosis. Yayanmu ya ce tsufa ne kawai a kai ta wajen mai ɗori. Ni dai abin ya tsaya mani a rai don na lura ta fara ranƙwafawa, zanin da take ɗaurawa ma yanzu har ƙasa yake ja. Mi za mu yi mata?

Anti Nas:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba tsufa kaɗai ba ne ƙanwata. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo, wajen shekara 30 ake gama tara ƙarfinsa, to mace in al'ada ta ɗauke sinadarin estrojin ya ja baya sai rushewar ta fi ginin sauri, cikin ƙashin ya koma huji-huji kamar soso, kuma ba ya ciwo sai ranar da aka karye. Wuyan hannu, ƙugu da ƙashin baya su suka fi tafiya, ranƙwafawar nan ma sau da yawa ƙashin baya ne ke lotsawa. Amma tambaya ɗaya, tana shan haɗin kemis na ciwon gwiwa? Ki zazzage ledar maganinta ki duba. In akwai dexamethasone ko prednisolone ta daɗe tana sha, su ma cin ƙashi suke, haka yake yi wa 'yan matan nan masu shan maganin ƙara ƙiba. Kar dai ku tsayar mata da shi rana ɗaya, akwai haɗari, likita ne zai rage a hankali. Ku tambaye shi gwajin DEXA, wato hoton da ke auna ƙarfin ƙashi, kuma akwai maganin ƙarfafa ƙashi irin su alendronate in ya ga ya dace.

Ɗan Daura:
Ni dai na san nono da kindirmo, kakata har ta rasu fura da nono ce abincin ranarta. Ga kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin nan da ake ci har ƙaya. A yi mata romon ƙafar sa kuma.

Anti Nas:
Malam duk ka faɗi daidai banda romon, daɗi ne da shi amma kalsiyam ɗin ciki, wato sinadarin da ke gina ƙashi, kaɗan ne. Mace mai shekarunta wajen miligiram 1,200 take buƙata a rana, kofi ɗaya na nono kusan 300 ne. Kuma sai da bitamin D jiki ke ɗaukarsa, rana ce ke ba da shi, ga mu a Katsina rana kamar ta ƙona mutum amma tsofaffinmu suna ɗaki wuni guda. Ta riƙa fitowa tsakar gida da hantsi hannu da ƙafa a buɗe, ta ɗan zazzaga, kar ku ce komai sai an miƙo mata.

Baban Sadiq, Rafindaɗi:
Ku gyara wajen alwalar nan tun kafin a cire filasta. Mu simintin ne ya yi gansakuka, sai muka sa aka karce shi, aka kafa ƙarfen dafawa a bango da ƙwan fitila a hanyar banɗaki. Silifas ɗin da gindinsa ya suɗe ma a jefar. A duba mata ido kuma, namu tsohon ashe yanar ido ce ta sa yake ta tuntuɓe.