Warin ƙonewar roba daga tayar gaba: in kama hanya ko in fasa?

Abu Safiyya: Salamu alaikum. Corolla 2008 ce, otomatik. In na yi tafiyar minti 20 sai warin roba ya taso ta gaba, ɓangaren dama, sitiyari kuma yana ja can. Ran Asabar zan kai iyali Lafiya daga Jos, ta Hawan Kibo. Bakanike ya ce sai an canza kalifa, wato ƙarfen da ke matse farantin birki. In canza, ko za ta kai mu?

Ɗan Tasha: Kuloci ne ke ci. A daina ɗora ƙafa a kansa.

Mai Gareji: Otomatik fa ya ce. Malam, bayan tafiya ka kai bayan hannunka kusa da kowane wili, kar ka taɓa. Wanda ya fi hucin zafi shi ne mai laifi. Kar ka watsa masa ruwa, farantin birki zai lanƙwashe. In ya huce, ɗaga da jak ka juya tayar. In ta cije, sassauta ɗan noti na fitar da iska a jikin kalifa. Man birki ya tsarto, taya ta saki? To tiyon birki ne ya toshe daga ciki, yana riƙe mai. In ba ta saki ba, fistin ya yi tsatsa ko fil biyun da kalifa ke zamewa a kai sun bushe. Fil ɗin wankewa ake yi a sa giris na silikon. Giris na gama-gari kumbura robar yake yi.

Maman Walid: A leƙa ƙasa tukuna. Leda in ta manne a salansa haka take wari.

Ɗan Tasha: Hajiya, leda ba ta jan sitiyari, sai dai in da aljani a ciki.

Baban Gwangwan: Duk ku bar wannan. Masifar ita ce jabun fad na birki da suka cika gari. Kwali mai kyau, ciki gam da ƙasa. Ya ɗau zafi sai ya ɓalle daga ƙarfensa, mota cike da mutane, a gangara. Mai shago ya ci riba, wani ya rasa 'ya'yansa, ba wanda ake kamawa. Allah Ya isa.

Mai Gareji: Gaskiya ne, Alhaji. Amma a nan gefe ɗaya ke wari. Robobin gyaran kalifa ba su kai rabin kuɗin ta Beljiyam ba.

Baban Gwangwan: A ina? In ka haɗa da kuɗin aiki kusan ɗaya ne, kuma fistin da ya ci rami sabuwar roba ba ta hana shi yoyo.

Ɗan Tasha: Mai sayar da kaya dole ya ce a saya.

Direban Akwanga: Kar ka sauka Hawan Kibo da birki mai riƙewa. Mai zai tafasa, ka taka ka ji ƙafa ta tafi ƙasa. Fad ɗin da ya ragu zuwa milimita 3 a canza, dama da hagu tare. Man birki DOT 3 ko 4, duk shekara 2, don yana shan ruwa. A gangara ka sa giya a 2.

Mai Faci: Ku duba tayar ma. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin taya su ne lokacin da aka ƙera ta: 2318 na nufin mako na 23, shekarar 2018. Wasu kankare su suke yi kafin su sayar.

Abu Safiyya: Mai Gareji, notin da ka ce, sifana lamba nawa ke kama shi?