Jirgi lafiya lau, amma wai takarda ta hana shi tashi: wa ke ba da ita?

Ɗan Ader, Tawa

Assalamu alaikum. Ni ɗan rakiyar alhazai ne, shekara tara ke nan ina kai mutanenmu Yamai su hau jirgi. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun hajjin da ta wuce, ina son wanda ya san kan sha'anin jirage ya warware mini.

Mun taso daga Tawa da kar biyu bayan asuba, munka bi Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, munka iso da dare. Cikin ayarin har da innata, ƙanwar mahaifiyata, ta haura saba'in, shanunta biyu ta saida ta cika kuɗin kujera. Anka ce gobe da hantsi za mu tashi. Kwana uku munka yi bisa tabarmi cikin zafin watan Mayu, har ƙafafunta sunka kumbura. Jirgin kuwa ga shi can tsaye, muna hangen wutsiyarshi. Inji lafiya, matuƙa suna nan. Da na matsa ma wani ma'aikaci, sai ya ce jirgin haya ne da anka ɗauko daga wata ƙasa, kuma wata takarda tashi ba ta iso ba. Ya amshi bik ɗina ya rubuta mini haruffa huɗu a bayan ambulan ɗin fasfo: RVSM. Ambulan ɗin na hannuna har yau.

To mi ne ne wannan? Jirgin da ya ratso teku ya zo lafiya, wace takarda ce za ta hana shi kai tsofaffi Makka? Wa ke ba da ita, mu ko su? In kowace ƙasa da tata, jirgin da zai ratsa ƙasa huɗu sai ya tara takardu nawa? Ban zo zargin kowa ba. Ni alhazai ke kallo a ido in an yi jinkiri, kuma ranar ban da abin gaya musu.

Tsohon Mai Hasumiya, Yamai

Wa alaikumussalam. Allah ya karɓi aikin Inna, ya sa wahalar ta zama lada. Ɗana, na yi karatu a EAMAC nan Yamai, makarantar aikin jirage da aka buɗe tun 1963, ta ASECNA, hukumar haɗin gwiwar ƙasashenmu mai ba jirage hanya, na ba jirage hanya shekara talatin da ɗoriya kafin in aje aiki. Haruffan nan huɗu a gabana suka shigo.

Sararin sama hawa-hawa ne kamar bene. Wanda ya nufi gabas yana bin ƙafa dubu 33, 35, 37, wanda ya nufi yamma dubu 34, 36, 38. Da can ba haka ba ne. Daga ƙafa dubu 29 zuwa sama, tazarar ƙafa 2000 muke sa wa tsakanin jirgi da jirgi, don ma'aunin bisa na wancan zamani yana kuskure in iska ta yi sirara. Jirage suka yi yawa, kowa kuma can sama yake so, don nan ne mai ba ya ƙonewa da yawa. Sai aka rage tazarar zuwa ƙafa 1000 tsakanin dubu 29 da dubu 41, hawa bakwai suka koma goma sha uku. Shi ne RVSM. An fara a tekun Atlantika ta arewa a 1997, Turai ta shiga a 2002, Amurka a 2005, mu a Afirka ranar 25 ga Satumba 2008.

Ƙafa 1000 mita 300 ne da ɗan kai. Jirage biyu, kowanne na gudun sama da kilomita 800 a awa, su gifta juna da wannan tazara cikin duhu. Ni kuwa ina zaune a ɗaki, ba na ganin ko ɗaya. A zamaninmu galibin hamada babu rada. Abin da ke gabana ƴan siraran takardu ne jere a kan allo, kowane jirgi da tasa, sai muryar matuƙi ta rediyo mai dogon zango, tana zuwa tana yankewa cikin ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Tsakar dare jiragen Turai na gangarowa kudu, na kudu na hawa arewa, lokacin hajji kuma jiragen alhazai su ratsa su ta tsakiya zuwa gabas. In matuƙi ya ce yana dubu 35, da maganarsa nake aiki. Amma shi ma abin da ma'auninsa ya nuna masa yake faɗi. To wa ya tabbatar mini ma'aunin ba ya ƙarya? Takardar nan ce. Tana shaida cewa jirgin na da ma'aunin bisa biyu da ba su dogara da juna ba, da na'urar da ke riƙe shi a hawan da aka ba shi, da wadda ke kuka in ya kauce, kuma masu gyaransa da matuƙansa sun san ka'idar.

Hukumar ƙasar da jirgin ke da rajista, ko ta ƙasar kamfanin da ke tafiyar da shi, ita ke ba da ita. Namu na nan ANAC, hukumar jiragen sama ta Nijar, ke ba su. Guda ɗaya ce, ana karɓarta ko'ina, domin duka kan ma'aunin OACI aka gina ta, ƙungiyar jiragen sama ta duniya da aka kafa da yarjejeniyar Shikago ta 1944, mai ƙasashe 193 yau. Sai dai amincewar ta haɗa jirgin da mai tafiyar da shi. In jirgi ya sauya hannu ko rajista, tsohuwar ba ta bin sa, sai an sake. Jirgi ya zo wofi ba da takardar ba, ba wuya, ko ta ƙasa-ƙasa ne. Amma cike da alhazai da kayansu, in an tsare shi ƙasa da dubu 29, man da zai sha ya ƙaru ƙwarai, sai dai a rage mutane ko a sauka a hanya.

Bintu, ofishin tsara tafiya, Yamai

Baba ya gama magana kan bisa. Bari in ƙara ta gefe, don ita nake cikawa kullum. A takardar tsarin tafiyar jirgi, gurbi na 10, harafin W na nufin yana da RVSM, harafin R kuma yana da amincewar bin hanya daidai, wadda ake ce wa PBN, sai a fayyace irinta a gurbi na 18. RNAV 5, misali, ɗaya daga irin PBN ɗin, alkawari ne cewa cikin kashi 95 bisa ɗari na lokacin tafiya jirgin ba zai kauce wa layinsa da fiye da mil 5 na teku ba, kilomita tara da ƴan kai. RNAV 1 mil ɗaya.

Tambayarka ta takardu nawa, Malam, da can gaskiya ce. Turai na da nata suna da sharaɗi, B-RNAV da P-RNAV, Amurka na da nata, na teku daban. Jirgi ɗaya, na'ura ɗaya, kamfani ya yi ta neman sa hannu. Littafin PBN na OACI na 2008 ne ya tattara su, daga 15 ga Nuwamba 2012 kuma duniya ta koma cika takardar tafiya da sababbin haruffa iri ɗaya. Abin da na rubuta a Yamai, shi mai ba da hanya na Injamena zai karanta, shi na Jidda zai karanta.

Alhaji na Damagaram

Duk na ji, amma raina bai kwanta ba. A Montreal, mazaunin OACI, ake zama a yanke, masu ƙera jirage su saida na'ura, mu mu biya. Ƙaramin kamfani da tsohon jirgi ina zai kai? Shi ya sa kujera ta fi ƙarfin talaka. Tun 1999 aka amince a Yamusukuro a buɗe sararin Afirka ga jiragen Afirka, a 2018 aka sake ƙaddamarwa a Adis Ababa, har yau tafiya tsakanin ƙasashenmu sai mai hali. An daidaita takarda, ba a daidaita aljihu ba.

Tsohon Mai Hasumiya, Yamai

Alhaji, maganar tsada ba ni musunta, kuma daidaitawar ba ta kammala ba: kamfaninmu da zai shiga Turai sai ya nemi wani izini daban daga hukumarsu. Amma kada a ɗora wa ma'aunin laifi. Ranar 13 ga Satumba 1997, jirgin sojan Jamus da na sojan Amurka suka yi karo a gaɓar Namibiya, dukansu a ƙafa dubu 35, mutum 33, ba wanda ya fita. Na yi aiki a shekarun da matuƙa masu ratsa Afirka ke sanar da juna inda suke ta rediyo a kan mita 126.9, don ba su sakankance cewa saƙo ya wuce daga wannan cibiya zuwa waccan ba. Abin yana yi mini ciwo, domin da mu ake. Ba na son jikokina su koma can.

Kuma wanda ba shi da ƙarfi shi ya fi cin moriyar ma'auni ɗaya. Da kowace ƙasa na da nata, mai kuɗi ne kawai zai iya tara sa hannu goma. Mu ma ba ƴan amshin shata ba ne. ASECNA tun 12 ga Disamba 1959 ƙasashenmu ke gudanar da samaniya tare, faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 16, Yamai na cikin cibiyoyinta, ɗan ƙasar nan Mohamed Moussa ya shugabance ta daga 2017 zuwa 2024. Ofishin da ke riƙe sunayen jiragen Afirka masu RVSM, yana bin diddigin ko suna zama a hawansu, a Johannesbag yake.

Ɗan Ader, Tawa

Baba, Allah ya saka. Jiya da dare na karanta ma Inna bayanin benen nan da tazarar mita 300. Ta yi shiru, sannan ta ce gara kumburin ƙafa. Amma ni har yanzu ina ganin da an faɗa muna tun muna Tawa, da ta yi kwana ukun a ɗakinta. Malama Bintu, bana mi zan tambaya kafin in ɗauko mutane?

Bintu, ofishin tsara tafiya, Yamai

Malam, ka tambayi lambar rajistar jirgin da zai ɗauke su, wadda ke rubuce a jikinsa wajen wutsiya, kada ka tsaya ga sunan kamfani. Sannan ka ce ko wannan lambar na cikin takardar sharuɗɗan aikin kamfanin da RVSM da PBN a gabanta, kuma ko izinin ratsa ƙasashen hanya da na sauka a Saudiyya sun fito, don waɗannan biyun daban suke, kowace ƙasa da nata. In sun ce an sauya jirgi a makon ƙarshe, ka sake tambayar daga farko kafin kar ta bar tasha. A gaida Inna.