An ce in kira abin da nake ji da sunansa: mene ne amfanin hakan?

Maman Sadiya, Agege

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani a wannan zaure. Mahaifiyata ta rasu a Katsina bara, kuma da yake tafiyar mota daga Legas ta fi ƙarfin yini guda, kafin in isa an riga an kai ta makwancinta, sai zaman makoki na tarar. Tun da na dawo barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, ƙirjina kuma yana yi mini nauyi, har maigidana ya matsa mini na je asibiti. Da aka auna ni ba a sami komai ba, sai aka tura ni wurin wata masaniyar halayyar ɗan'adam, wadda muke zama muna tattaunawa da ita.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk zaman da muka yi sai ta tambaye ni me nake ji, ni kuma amsata ɗaya ce, wato ina cikin damuwa. Ita kuwa wannan amsa ba ta gamsar da ita. Takan ce in tsaya in duba da kyau, ko kewa ce, ko tsoro, ko nadama, ko haushin wani, har ta ce in sami littafi in riƙa rubuta lokacin da abin ya taso mini, da sunan da na ga ya dace da shi, da tunanin da ya zo mini a lokacin. Gwaggona da ke zaune kusa da mu ta ce wannan tonon silili ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma mumini haƙuri yake yi ya bar wa Allah. Maganarta ta shige ni ƙwarai. Shin akwai amfani a wannan rarrabewa, ko kuwa fama ciwo ne kawai? Kuma ba ta saɓa wa haƙurin da aka umurce mu da shi ba?

Ma'aikaciyar jinya, Yaba

Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta. Ina aiki a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma abin da likitarki take yi sananne ne a wannan fanni.

Damuwa tana tattare abubuwa da yawa waɗanda maganinsu ba ɗaya ba ne. Wadda kewa ke damunta tana buƙatar a bar ta ta yi kuka, ta yi hirar mamaciyar da waɗanda suka san ta. Wadda tsoro ya kama, har duk kiran wayar da ya shigo daga gida sai gabanta ya faɗi, aikin da za a yi da ita daban ne. Wadda nadama ke ci kuwa, a ƙarƙashin nadamar akwai hukuncin da ta yanke wa kanta, kamar ta ce ita ba 'yar kirki ba ce tunda ba ta yi jinyar uwarta ba. Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck, wanda ya ɓullo da wannan hanyar magani a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka cikin shekarun 1960, ya lura cewa ba abin da ya faru kaɗai ke jefa mutum cikin ƙunci ba, har da fassarar da ya yi masa, kuma irin wannan tunani yakan gifta da sauri ba tare da mai shi ya ankara ba. Shi ya sa aka ce ki rubuta sunan da tunanin tare, domin sunan ne ke kai ki ga tunanin, tunanin kuma shi ake iya zama a auna, a ga ko gaskiya ne ko kuwa zaluntar kai ce.

Furta sunan ma kansa yana da tasiri a jiki. A shekarar 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro, suna duba ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Idan mutum ya zaɓi kalmar da ta bayyana yanayin fuskar, sai aikin wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda ke zabura idan an ji barazana, ya ragu, wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa kuma ya ƙara aiki. A 2012 aka gwada abin a wannan jami'ar da masu tsoron gizo-gizo, kuma waɗanda aka sa su faɗi tsoronsu da baki yayin da suke tunkarar ƙwaron, bayan mako guda gumin tafin hannunsu bai kai na sauran ba.

Amma Gwaggo ma tana da gaskiya ta wani gefen, domin mutum ya kwana yana saƙa da warwara a kan magana ɗaya yana ƙara ciwo ne. Abin da ake so shi ne ki gane abin, ki rubuta shi a taƙaice, ki rufe littafin ki koma hidimarki, sauran kuma ki bari sai ranar zama.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba

Allah ya gafarta wa mahaifiyarki, 'yar'uwa. Zan taɓa ɓangaren haƙuri ne kawai. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne ya ce haƙuri mai kyau zai yi a kan rashin ɗansa, kuma shi ɗin ne Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, sannan a aya ta 86 ta Suratu Yusuf ya ce yana kai kukan tsananin ƙuncinsa da baƙin cikinsa ga Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba za mu faɗi komai ba sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Kin ga ya ambaci abin da ke zuciyarsa a fili, kuma hakan bai taɓa haƙurinsa ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganar da ke ƙin yarda da ƙaddara.

Malaman Musulunci na farko ma sun yi wannan rarrabewa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya kuma ce hanyar magance su ba ɗaya ba ce. Abin da ya fi damuna a unguwanninmu shi ne, mutum yana cikin jimami sai a ce masa raunin imani ne, ya ɗauki wannan suna ya ɗora wa kansa, ya wayi gari da nauyi biyu maimakon ɗaya. Ki ci gaba da zuwa wurin likitarki, ki kuma yawaita yi wa Hajiya addu'a da sadaka.

Dillalin albasa, Mile 12

Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Na yarda da bayanan da aka yi, sai dai ina da ƙari daga abin da na gani. Lokacin da motar kayana ta faɗi a hanya jarina ya karye, abin da na kai asibiti shi ne zafin kai da jin wani abu yana yawo a jikina. Aka ba ni takarda mai tambayoyi tara da Turanci a kan halin da nake ciki a makonni biyu da suka wuce, ɗana yana yi mini tafinta. Ko kaɗan ban iya faɗin gaskiya ba, domin ba zan ce a gaban ɗan da na haifa ina tsoron masu bina bashi ba. Likitan ya ce baƙin ciki ne, amma ni na san kunya ce ta haɗa ido da mutanen da suka ba ni amanar kuɗinsu, kuma sai da na samu zama ba tare da yaron ba na iya faɗa, sannan maganar ta koma kan yadda zan tunkare su.

Saboda haka idan aka ba ki suna kika ji bai zauna ba, kada ki karɓa don girmama likita, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kuma akwai tafinta a tsakaninku, ki nemi wanda ba na gida ba.

Ma'aikaciyar jinya, Yaba

Gaskiya ne, Alhaji, likita yana kawo shawarar suna ne, mara lafiyar ke tabbatarwa. Game da Gwaggo kuma, ba sai an ware ta ba. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu jinya ke zama a ƙauyuka tare da danginsu yayin da ake yi musu magani. Maman Sadiya, idan kin so, ki tambayi likitarki ko za ki iya zuwa da ita wata rana.

Maman Sadiya, Agege

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na duba abin da na rubuta a littafin, sai na ga kewa da nadama suna nan, amma akwai wani abu da nake ta kewaye shi, wato ina jin haushin yayanmu, domin ya san jikin Hajiya ya tsananta amma ya riƙa ce mini da sauƙi don kada hankalina ya tashi. Na san da kyakkyawar niyya ya yi, kuma shi ne madadin uba a gidanmu yanzu. Zan faɗa wa likitar a zama na gaba. Malam, Allah ya gafarta maka, shin ya dace in fito in gaya wa Yaya abin da ke raina, ko hakan zai iya taɓa zumunci?