Allurar da na yi wa mai ciwon hanta ta soke ni

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ƙaramin asibiti a wani ƙauye kusa da Ƙauran Namoda. Ranar kasuwa ce, mu biyu kawai ke bakin aiki, ba wuta, da fitilar waya nake dubawa. Na gama yi wa wani allura, ina mayar da murfi, ta shige min babban yatsa. Na matse jinin, na zuba Hypo. Daga baya aka ce gwajinsa na HBsAg ya nuna yana da ciwon hanta nau'in B. Ban iya barci. Me zan yi?

Malamin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam, Sista. Yaushe abin ya faru? Kin yi riga-kafi? Matsewa da Hypo ba sa hana komai, ruwa da sabulu ne kawai.

Mai tambaya: Shekaranjiya da yamma, Malam. Na yi biyu tun muna makaranta, ta ukun ban samu ba.

Malamin ɗakin gwaji: To riga-kafinki bai cika ba, uku ne: farko, bayan wata 1, bayan wata 6. Gobe da sassafe ki nufi asibitin tarayya na FMC Gusau ki nemi HBIG, wato allurar garkuwar gaggawa daga ciwon hanta B, 0.06 ml kowane kilo na nauyinki, a tsoka. An fi so cikin awa 24, bayan kwana 7 ba a dogara da ita. Ki karɓi riga-kafi na ukun a ranar, amma a ɗaya hannun. Kafin nan a ɗebi jininki: HBsAg, anti-HBc (gwajin ko kin taɓa kamuwa da ƙwayar B) da HIV. Shi mutumin an gwada shi HIV? In ba a sani ba, fara PEP, maganin kariya daga HIV bayan irin wannan haɗarin, ba ya wuce awa 72, kuma kwana 28 ake sha. Lokacinki ya kusa ƙarewa.

Ungozoma: Ƙanwata, shekaru sun ja, ki sake riga-kafin daga farko. Kuma sai yaushe za a daina tura ma'aikata ƙauye ba safar hannu, ba kwalin zubar da allurai?

Malamin ɗakin gwaji: A'a Hajiya, ba a sakewa, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Garkuwar jiki ba ta manta biyun farko. Sista, gwajin naki na da muhimmanci: tenofovir da lamivudine da ke cikin PEP suna danne ƙwayar B, in kina da ita tun can, dainawa na iya tayar da hantar. Kuma ba a mayar da murfi da hannu biyu.

Mai tambaya: Malam, kwalin ya cika har baki, ina zan jefa ta? A bar ta tsirara yara na shigowa?

Malamin ɗakin gwaji: Kwali ana rufe shi ne in ya kai kashi uku cikin huɗu. In dole ne, ajiye murfin a tebur ki ɗauko shi da bakin allurar, hannu ɗaya.

Mai tambaya: Mutumin ya koma garinsu, ba lambarsa. Kuma in na tafi Gusau gobe, wa zai riƙe asibitin?