Manjanikin Musulmi ne ya karya daular Song, ko jiragen ruwa?

Malam Habibu: Jama'a, ga maganar da nake so mu tattauna. Sojojin Kublai Khan, sarkin Mongol da ya kafa daular Yuan, sun yi wa Xiangyang da Fancheng, tagwayen biranen daular Song ta kudancin Sin, ƙawanya a bakin kogin Han tun 1268, shekara biyar ba su shiga ba. Kublai ya aika wa ɗan ɗan'uwansa Abaƙa, sarkin Mongol na Farisa, ya turo masa gwanaye. Isma'il da Ala'uddin suka iso a 1272, suka ƙera manjaniki, wato injin jifa da duwatsu, mai akwatin nauyi. A farkon 1273 Fancheng ta faɗi, a watan Maris kuma Lu Wenhuan, kwamandan Song na Xiangyang, ya miƙa garin. Sinawa da kansu "manjanikin Musulmi" suka raɗa masa. Ni a wajena wannan makamin ne ya buɗe ƙofar kudancin Sin. Abin da shekara biyar ta kasa, ya yi shi cikin 'yan watanni.

Injiniya Lawal: Malam, kafin a yi maka gardama bari in nuna inda maganarka take da ƙarfi, don mutane da yawa suna ɗauka Sinawa ba su san manjaniki ba. Sun san shi fiye da shekara dubu kafin nan, amma na ja. Kundin dabarun yaƙi da fadar Song ta tattara a 1044 ya bayyana mafi girmansa: an ɗaure sanduna bakwai wuri ɗaya su zama hannun jifa, igiyoyi 125, mutum biyu kan kowace, wato mutum 250 suna fizga lokaci guda. Dutsen jin (ma'aunin nauyi na Sinawa) 90 zuwa 100 ne, wajen kilo 55 zuwa 60, nisan kuwa taku 50 na Sinawa, bai kai mita 80 ba sosai. Aibinsa uku. Mutum 250 ba sa fizga daidai, don haka jifa biyu ba sa sauka wuri ɗaya. Suna gajiya, nisan yana raguwa. Sannan suna tsaye cunkus inda kibiyar baka mai kunama take iske su daga kan ganuwa.

Na Isma'il ba ya bukatar masu ja. Gungume ne dogo a kan ginshiƙi, ɓangare ɗaya gajere, ɗaya ya ninka shi sau huɗu ko biyar. A gajeren aka rataye akwati cike da duwatsu ko ƙasa, nauyinsa ya ninka na dutsen jifa sau da dama. A dogon aka ɗaura majaujawa: bakin igiya ɗaya a ɗaure tam, ɗayan zobe ne da aka saƙala a ƙugiyar ƙarfe. A naɗo dogon hannun ƙasa, a kulle, a kwantar da dutse a kwararon katako, a zare makulli. Akwati ya faɗi, hannu ya tashi, zobe ya suɓuce daga ƙugiya, dutse ya tafi. Tarihin daular Yuan ya ce dutsen jin 150 ne, kusan kilo 90, kuma yana nutsewa ƙafa bakwai cikin ƙasa.

Nasiru: Yaya Lawal, to me ya hana Sinawa su ƙara yawan masu ja su kai wannan nauyin?

Injiniya Lawal: Ƙanena, ba nauyin kaɗai ba ne, maimaituwa ce. Akwatin jiya shi ne na yau. In ka sassaƙa duwatsu nauyi ɗaya, jifa na goma zai sauka kusa da na farko, kuma haka ake rusa hasumiya. Saitin yana ga ƙugiya da tsawon majaujawa. In ƙugiyar ta lanƙwashe da yawa, zobe ya makara, dutse ya daki ƙasa gaban injin. In ta miƙe da yawa, ya saki da wuri, dutse ya tashi sama ko ya koma baya kan mutanenka. Igiya ta jiƙe, ta miƙe, lissafi ya ɓaci. Wannan ilimin ne aka ɗauko daga Farisa, katako kam akwai shi a Sin.

Hajiya Rabi: Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma Malam Habibu, ban yarda da hukuncinka ba. Ka tambayi kanka ta yaya aka kafa injin mai girman haka kusa da gari ba a fito an ƙone shi ba. Amsar tana cikin waɗannan shekaru biyar da kake cewa an kasa.

Liu Zheng, kwamandan Song da ya sauya sheƙa a 1261, shi ya gaya wa Kublai cewa Xiangyang ce mabuɗi, shi ya kuma ce wa Aju, kwamandan Mongol, dawakinku sun fi nasu amma a ruwa sun fi ku. Aka ƙera jirage 5,000, aka horar da sojan ruwa 70,000. Aka gina sansanoni a Lumenshan da bakin kogin Bai, aka haɗa su da katanga, aka kafa shinge cikin kogin Han. Tun kafin nan ma an yaudari Lu Wende, babban kwamandan Song na yankin, da kyautar ɗamara mai duwatsun alfarma, ya yarda a buɗe kasuwa kusa da garin, daga baya aka ce a kewaye ta da katanga saboda ɓarayi. Kasuwar nan ita ta zama sansani. Fan Wenhu, wani kwamandan Song, ya taho da agaji a 1271, aka kora shi. A 1272 Zhang Shun da Zhang Gui suka kutsa da dare da jirage 100 da mutum 3,000, suka shigar da gishiri da tufafi, amma Zhang Shun ya mutu a hanya, Zhang Gui kuma aka kama shi lokacin da yake ƙoƙarin fita. Daga nan babu wanda ya sake shiga. Garin da ya rasa gishiri da itacen girki ya riga ya durƙusa kafin dutsen farko.

Baba Ɗanjuma: Hajiya ta taɓo wurin, in ƙara abu ɗaya da aka tsallake. Akwai gada bisa ruwa tsakanin biranen biyu, an kafa turaku cikin kogi an ɗaure da sarƙa. Duk sanda aka matsa wa Fancheng, sai Xiangyang ta turo mata mutane ta kan gadar. Sojan ruwan Mongol ne suka je da zarto da gatari suka yanke turaku, suka datse sarƙa, suka cinna wa gadar wuta. Sai bayan haka aka afka wa Fancheng ta ruwa da ta tudu. Ko an fasa ganuwa, in ana cike gurbin da sababbin mutane kowane dare, ba a ci gari ba.

Malam Habibu: Baba, na karɓi maganar gada. Amma a duba Xiangyang ita kanta. Gwalalon da ya kewaye ta, wanda har yau ana ganinsa, faɗinsa ya haura mita 150 a yawancin wurare. Manjanikin ja mai mita 80 ba zai ko tsallake shi ba. Isma'il ya kafa nasa a kusurwar kudu maso gabas, dutse ya daki hasumiyar garin da ƙara kamar tsawa, gari ya ruɗe, wasu hafsoshi suka haura ganuwa suka miƙa wuya. Yunwa ta shekara biyar ba ta sa sun haura ba, Hajiya.

Hajiya Rabi: Malam, ba dutsen kaɗai suka gani ba. Sun ga abin da aka yi wa Fancheng a tsallaken kogi: cikin kwamandojinta, Fan Tianshun ya rataye kansa, Niu Fu ya yi faɗa lungu-lungu har ya faɗa wuta, aka karkashe mutanen garin. Kuma ganuwar Xiangyang ba ta rushe ba. Arigh Ƙaya, kwamandan rundunar Kublai, shi ne ya zo gindinta ya yi wa Lu Wenhuan alkawarin rai da muƙami, ya karya kibiya a matsayin rantsuwa. Sulhu ne ya buɗe ƙofar.

Abin da ya fi damuna da ra'ayinka shi ne yana ɓoye laifin fadar Song. Babban waziri Jia Sidao yana riƙe da mulki a Lin'an, babban birnin Song, an bar mutanen nan shekara biyar ba a tura agajin da ya isa ba. Bayan Lu Wenhuan ya koma ɓangaren Yuan, shi ya riƙa kiran kwamandojin bakin kogin Yangtze, da yawansu danginsa ne ko tsofaffin yaran gidansu, suna buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Fan Wenhu, surukin Lu Wende, ya miƙa Anqing a 1275. A shekarar ce babban kwamandan Yuan mai suna Bayan ya tarwatsa rundunar Jia Sidao a Dingjiazhou, Lin'an ta sallama a 1276, ragowar kuma aka gama da su a yaƙin teku na Yamen a 1279. Hanyar duk ta ruwa ce.

Nasiru: Hajiya, amma a Dingjiazhou ai an jera manjanikai a gaɓoɓin kogin ana jifan jiragen Song. Ashe makamin bai tsaya a Xiangyang ba.

Injiniya Lawal: Haka ne, kuma Song sun ɗauke shi da muhimmanci, har suka riƙa rataya kauraran igiyoyin karan shinkafa a jikin gine-gine suna shafe su da laka don su sha ƙarfin dutse. Sai dai a tuna da Diaoyu a Sichuan, inda Mongke Khan, yayan Kublai, ya mutu a 1259 yana ƙawanya. Sansanin yana kan dutse mai tsayi, koguna sun kewaye shi, yana da ruwan sha da gonaki a ciki. Manjaniki yana son fili shimfiɗaɗɗe, ƙasa mai tauri da za ta ɗauki girgizar akwati, da hanyar kawo gungume da duwatsu. Diaoyu ba ta ba da ko ɗaya ba, kuma ba ta miƙa wuya ba sai 1279, shekara shida bayan sabon injin ya fara aiki.

Malam Habibu: To na rage maganata, amma ban janye ta ba. Jirage ne suka rufe kogin, na yarda. Sai dai ƙawanyar da aka rufe ta ruf tun 1272 tana iya ƙara shekaru, kamar yadda Diaoyu ta nuna, Kublai kuma yana da Ƙaidu, danginsa mai adawa da shi, yana barazana daga arewa maso yamma, ba shi da lokacin jira. Baba, ina so ka faɗa mana: in babu injin Isma'il, da me za a fasa katangar Fancheng bayan an yanke gadar?