Katako a ƙasa, kankare a sama: me za mu kira shi?

1/ Jama'a, musamman magina da injiniyoyinmu, ku zo mu yanke magana. Dekin benen da Turawa ke kira timber-concrete composite, na ga ana rubuta shi "gaurayen katako da kankare". Ni ban yarda ba.

2/ Gauraye ai sai abin da ya cuɗe, kamar siminti da yashi a kwaɓi. A nan ba a cuɗa komai. Katako mai kauri ake shimfiɗawa, a zuba kankare marar kauri a kansa, a kafe su da dogayen kusoshi masu murɗi, ko a sassaƙa gurabe a jikin katakon don kankaren ya shiga ya kama. Idan nauyi ya hau dekin, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma ja. Kankare gwanin jure matsi ne, amma da an ja shi sai ya tsage, shi ya sa ake sa masa rodi. Katako kuwa yana jure ja. Kowanne an ajiye shi inda ya fi ƙarfi. Cire kusoshin nan, sai katakon da kankaren su riƙa zamewa a kan juna, kowa ya lanƙwashe shi kaɗai.

3/ Ke nan ɗaurewar ita ce aikin. Shawarata: ɗaurin katako da kankare, a taƙaice dekin ɗauri.

4/ Na so a ce azara ta yi mana, tunda iyayenmu sun daɗe suna ɗora laka a kan giginya. Sai dai a soro azarar ce ke ɗauke da kayan duka, lakar zaune kawai take.

5/ Ginin gaba ɗaya kuma sunansa daban ne, a ce ginin haɗaka. HoHo da ke Biyana a ƙasar Ostiriya, mai hawa 24 da tsawon mita 84, cibiyarsa inda matakala da lif suke kankare ce, ginshiƙansa katako, benayensa dekin ɗauri. Mjøstårnet na ƙasar Norway, da aka gama a 2019, tsawonsa ya ɗan haura mita 85, katako ne, amma an sa wa benayen sama kankare don nauyinsa ya rage jijjigar iska. Wannan haɗaka ce, ba ɗauri ba.

6/ Na damu da sunan ne don abin ba ado ba ne. Yin siminti na fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma wannan dekin yana rage kankare da rodin da ake ci. Magini da ya ji "gauraye" zai iya ɗauka garin katako ake zubawa a kwaɓi.

7/ Saura abu ɗaya. Masu ɗaurin rodi, ku da kuke wurin aiki kullum, idan aka ce dekin ɗauri, ba zai rikice da naku ba?